Babi na Shida: Abin da Legon Ta Ɗiba a Zango

Jami'ar Gana tana bisa tudun Legon, Nima da Maamobi suna ƙasa, kuma tsakaninsu ba wata tafiya ba ce. Mutum ya tari trotro, wato motar haya, mai gangarowa daga unguwar Madina, ya sauka a tashar 37, ya sake shiga wata, in cunkoso ya yi masa sassauci kafin awa guda ta cika yana tsakiyar kasuwar Nima. Fiye da shekara sittin ke nan masu bincike suna bin wannan hanya, wasu daga Legon ɗin, wasu daga Ingila da Amurka da Kanada sun yada zango a can tukuna. Wani ya zo da littafin rubutu, wani da na'urar auna iska, wani da waya a aljihu. Kowa ya ɗebi rabonsa ya hau tudu, ya kai sashensa. A jami'a kuwa sashen kimiyyar sinadarai daban, na tarihi daban, masu lissafin zirga-zirgar motoci ma ba su san ƙofar waɗancan ba. Mutumin zango bai san wannan rabe-raben ba. Shi a wurinsa goro da malami da mota duk hanya ɗaya ce ta kawo su.

Nima ba tsohuwar unguwa ba ce. Musulmin Akra sun fara taruwa ne a cikin gari tun ƙarni na 19, inda Malam Idrisu Naino ya zama jigo, sannan ɗansa Malam Baƙo ya fita da jama'arsa ya kafa Sabon Zango a farkon ƙarni na 20. Ita Nima sai a 1931, lokacin da Malam Amadu Futa, Bafillace mai harkar shanu, ya sami fili daga hannun iyalin Odoi Kwao na Osu. A lokacin bayan gari ne. Yaƙin Duniya na Biyu ya kawo barikin soja da aikin ƙwadago kusa, mutane suka kwararo daga arewacin ƙasar, daga Nijeriya da Nijar da Togo da ƙasar Mosi, Hausa ta zama harshen da kowa ke ciniki da shi ko da a gida wani yare yake yi. Duk wanda ya ce zango na Hausawa ne kaɗai bai kwana a Nima ba.

To me ya fara janyo Bahaushe ƙasar nan? Goro.

Itacen goron da muke ci ba ya son ƙasarmu, kurmin Asante yake so da inuwa da ruwa. Mu kuma ba a ɗaurin aure ko suna ko sulhu ba tare da shi ba. Wannan ratar ce ta haifi fataucin Gwanja: ayarin jakuna daga Kano da Katsina da Sakkwato, ɗauke da kanwa da tufafi da jan fata, su ƙetare Kwara su bi ta Borgu har Salaga, su juyo da huhunan goro an naɗe da ganye ana yayyafa ruwa kada ya bushe. Tafiyar watanni ce zuwa, watanni dawowa. Paul Lovejoy, wanda ya zauna da tsofaffin fatake a Kano kafin ya fitar da littafinsa a 1980, ya nuna yadda Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari suka riƙe wannan ciniki. Bayan Ingilishi sun ci Kumasi da yaƙi a 1874 sai igiyar Asante ta saki Salaga, yaƙin basasar 1892 kuma ya watsa garin. Fatake suka bazu, wasu Kete Krachi, wasu Kintampo, wasu suka gangara har bakin teku. Alhassan Ɗantata, haifaffen Bebeji a 1877, yana cikin waɗanda suka gane cewa jirgin ruwa daga gaɓar nan zuwa Ikko ya fi jaki sauri, kuma da jirgin ƙasa ya fara aiki zuwa Kano a 1912 sai tsohuwar hanyar ayari ta shiga mutuwa.

Abin da fatake suka sani da baki, ɗakin gwaji ya zo ya ba shi suna. A 1865 wani likitan soja, William Daniell, da masanin sinadarai John Attfield suka tabbatar a London cewa sinadarin da ke cikin kofi da ganyen shayi, wato kafeyin, shi ne a cikin goro. Yawansa yana kai wajen kashi 2 cikin 100 na busasshen goro. Akwai kuma ɗan'uwansa, tiyoburomin, wanda ya fi yawa a koko na cakulan. Tsarinsu kusan ɗaya ne, bambancin ɗan reshe guda ne na kabon ɗaya da haidurojin uku, amma wannan reshen ya isa ya sa kafeyin ya fi saurin kaiwa ƙwaƙwalwa. Aikinsa a can shi ne ya zauna a mazaunin wani sinadari da jiki ke tarawa don ya sanar da mutum ya gaji. Gajiyar tana nan, saƙon ne bai isa ba. Shi ya sa madugu da mai gadi da malami mai tsayuwar dare duk suka riƙe goro. Jan da yake yi a haƙori ko bayan an fasa shi kuwa aikin wasu sinadaran ne masu bauri, waɗanda da zarar iska ta taɓa su sai su rikiɗe su yi launi. Ganyen da fatake ke naɗe huhu da shi da ruwan da suke yayyafawa dabara ce ta jinkirta wannan rikiɗa, an gano ta ƙarni da yawa kafin a san sunan sinadarin.

A nan akwai abin da ya shafi addini kai tsaye. Al'ummar da shari'a ta hana wa giya ta sami abin taunawa da malamai ba su haramta ba, ta mayar da shi kyautar girmamawa da shaidar alkawari. Ba don haka ba da kasuwarsa ba ta kai girman da za ta ɗauki dubban mutane daga Kano zuwa Gwanja ba. Kuma ayari ba ya tafiya ba malami. Shi zai duba ranar tashi, ya rubuta wasiƙa, ya riƙe lissafin bashi, ya yi wa wanda ya rasu a hanya sallah. Inda ayari ya yada zango, malami ya kafa allo.

Mafi shahara cikinsu shi ne Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano wajen 1858, ya yi karatu a ƙasar Kabi da Sakkwato, ya bi fatake zuwa Salaga, ya ƙare rayuwarsa yana limamin Kete Krachi a 1934. Tun yana saurayi ya rubuta littafi kan yadda ake tsara wasiƙa, abin da kowane ɗan kasuwa ke bukata. Ya yi waƙoƙi da Larabci da Hausa, a kan zuwan Nasara, a kan annobar mura ta 1918. Ya kuma rubuta wa Adam Mischlich, jami'in Jamus a Krachi, dogon bayani da ajami kan ƙasar Hausa da sana'o'inta da al'adunta, wanda har yau masana tarihi ke ɗiba daga ciki. Almajiransa sun watsu a zangunan Kumasi da Akra. Tsohon garin Kete Krachi kansa yanzu yana ƙarƙashin ruwan tafkin Volta, tun bayan gina madatsar Akosombo a tsakiyar shekarun 1960.

A daidai waɗannan shekaru ne Legon ta yi aikin da, a ganina, ya fi duk sauran kyau. An kafa Cibiyar Nazarin Afirka a 1961, Kwame Nkrumah ya buɗe ta a hukumance a 1963, Thomas Hodgkin yana shugabanta, Ivor Wilks yana cikin manyan masu bincikenta. A lokacin ana koya wa yara cewa tarihin ƙasar ya fara ne da zuwan Turawa bakin teku, domin wai kafin nan babu rubutu. Waɗannan mutane suka ce a je a duba akwatunan malamai. Amma Bature ba zai shiga zauren malami ya ce a buɗe masa gafaka ba. Wanda ya yi wannan aiki shi ne Alhaji Usmanu Isiyaka Boyo, malami daga Kintampo, wanda ya san gidajen ilimi kuma suka san shi. Tsarinsa mai sauƙi ne: a ari littafi, a kai Legon a ɗauki hotonsa, a mayar wa mai shi abinsa. Da haka aka tara ɗaruruwan rubuce-rubuce na Larabci da ajami, daga Salaga da Wa da Yendi da Kumasi da Akra. Jerin farko da aka buga a 1962 yana ɗauke da sunan Boyo tare da na Hodgkin da Wilks. Kwafin tarin ya kai har Jami'ar Northwestern a Amurka.

Me aka samu a ciki? An sami tarihin sarautar Gwanja da malaman ƙasar suka rubuta da Larabci tun tsakiyar ƙarni na 18, da shekaru da sunayen sarakuna, wanda Wilks da Nehemia Levtzion da Bruce Haight suka buga a 1986. An sami takardun ijaza, inda malami ke rubuta wa ɗalibinsa cewa ya karanta littafi kaza a wurina, ni kuma a wurin wane, shi kuma a wurin wane. Wilks ya bi waɗannan salsaloli na malaman Wangarawa, ya ga littattafai uku ne ginshiƙin karatunsu, Tafsirin Jalalaini da Ashafa da Muwaɗɗa, kuma sarƙar tana komawa ga Alhaji Salim Suwari, malamin ƙasar Mali da ya koyar da yadda Musulmi zai zauna lafiya a ƙarƙashin sarkin da ba Musulmi ba, ya riƙe addininsa da ilimi da kyakkyawan hali. Wannan ya tuna mana abin da mu Hausawa kan manta: mun tarar da Musulunci a ƙasar nan, Wangarawa sun riga mu da ɗaruruwan shekaru. Kuma wanda ya ga yadda Shehu Usmanu Nuhu Sharubutu, Babban Limamin Gana tun 1993, yake zama da shugabannin coci, zai ga cewa wannan tarbiyya ba a takarda kawai ta tsaya ba. Ba wai zango bai san rigima ba. Daga ƙarshen shekarun 1960 ɗaliban da suka dawo daga Madina ta Saudiyya suka kafa cibiyarsu a Nima, aka yi ta ja-in-ja tsakaninsu da 'yan Tijjaniyya, kuma masana irin su Ousman Kobo da Yunus Dumbe sun rubuta wannan babi dalla-dalla.

A shekarun da Boyo ke yawo da littattafan aro, wani saurayi daga Jami'ar Cambridge mai suna Keith Hart ya tare a Nima, daga 1965 zuwa 1968, yana nazarin Farafara 'yan arewa maso gabashin ƙasar. Takardun gwamnati sun ce yawancinsu ba su da aikin yi. Shi kuma yana ganinsu kullum suna fita suna dawowa da kuɗi: wannan dako, wancan wanki, wani yana da ɗakin haya, wani ya sa mota a hanya, wani yana ba da bashi, wani kuma harkarsa ba ta faɗuwa a gaban ɗan sanda. Ya gabatar da abin da ya gani a wani taro a Sussex a 1971, aka buga shi a 1973, ya kira shi hanyoyin samun kuɗi da ba sa cikin rajistar hukuma. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ɗauki ra'ayin ta sa a rahotonta na Kenya a 1972, daga nan ya zagaye duniya. Yau babu ministan kuɗi a Afirka ko Indiya ko Latin Amurka da ba ya ambatonsa. A lungunan Nima aka haife shi, amma da wuya ka sami mutum ɗaya a kasuwar da ya taɓa jin labarin. Kuma tun kafin a buga takardar, a Nuwamban 1969, gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasar, zanguna suka yi asarar dubban mutane, har da waɗanda a nan aka yanke musu cibiya.

Ban ce Hart ya yi laifi ba. Ya rubuta gaskiya, kuma ya rubuta ta da mutunta mutanen da ya zauna da su. Amma idan aka ajiye aikinsa kusa da na Boyo za a ga bambancin da ke damuna. Malamin da aka ari littafinsa ya san abin da aka ɗauka, ya san inda aka kai, kuma abinsa ya dawo hannunsa. Ɗan dakon da aka ɗauki labarinsa bai ga komai ya dawo ba.

Masu sinadarai na Legon su ma sun shiga tukunyar zango, ko da ba su shigo unguwar ba. Kokon da matan zango ke sayarwa da ƙosai kowace safiya, wanda duk Akra ke kira kokon Hausa, ƙamshinsa daga citta da kanumfari da masoro da kimba yake. A shekarun 1970 F. G. Torto da Ivan Addae-Mensah, wanda daga baya ya shugabanci jami'ar daga 1996 zuwa 2002, suka tace masoro suka fitar da sinadaransa ɗaya bayan ɗaya, har da wani sabo da ba a san shi ba, suka sa masa suna wisanin. Kimba kuwa a Ibadan aka fara ware babban sinadarinta a 1968, masu binciken magunguna a jami'ar Kumasi suka zo daga baya suna gwada shi kan raɗaɗin ciwo. Irin wannan aiki yana da hankali da tsada, kuma tsakanin abin da aka gani a kwalba da ƙwayar da likita zai rubuta akwai shekaru da kuɗin da jami'o'inmu ba su da su. Don haka mai tallar maganin gargajiya da ke cewa a lasifika "an gwada a jami'a" a yi masa tambaya: an gwada me, a jikin wa?

Sai dai kokon nan da itace ko gawayi ake dama shi, kuma nan ne kimiyya ta faɗi abin da ba daɗin ji. Daga 2006 zuwa 2008 masu bincike daga Harvard da Legon, cikinsu har da Majid Ezzati da Samuel Agyei-Mensah da Raphael Arku, suka auna iskar unguwanni huɗu: James Town, Asylum Down, Nima da East Legon. Sun kafa na'urori a kan rufin gidaje, sun kuma bi lunguna a ƙafa da na'ura a jiki, suna ƙirga murhun itace da na gawayi da wuraren ƙona shara. Abin da suke nema shi ne ƙurar da ido ba ya gani, wadda kaurinta bai wuce maikuromita 2.5 ba, alhali gashin kai yana kai wajen 70. Ita ce ke wuce hanci ta sauka can cikin huhu. Sakamakon da aka buga a 2010 ya nuna Nima da James Town sun fi East Legon shaƙar ta, kuma tana ƙaruwa inda murhu ya yi yawa, inda ake ƙona shara, inda titi ba kwalta, da inda motoci ke cunkushewa. Da hunturu kuma ƙurar Sahara ta zo ta rufe kowa. Hayaƙin itacen da bai ci wuta sosai ba yana ɗauke da sinadarai masu zobban kabon a jere, ɗaya daga cikinsu, mai zobe biyar, tun 1933 aka gano a Ingila cewa yana haddasa ciwon daji. Wadda ta fi kowa shaƙa ita ce mai tsaye a kan tukunyar tun kafin asuba, da yaron da ke goye a bayanta. Masu ba da shawara daga ofis sukan ce ta koma gas. Su fara tambayar kuɗin tukunyar gas, da ribar da ke cikin kofin koko.

Ɓangaren mota ya fi sauƙin gyara, domin doka ɗaya tana iya taɓa kowane tanki. A 2016 wata ƙungiya ta ƙasar Suwizalan, Public Eye, ta fallasa yadda ake haɗa man dizal mai yawan farar wuta musamman don kasuwar Afirka ta Yamma. Dokar Gana a lokacin ta yarda da kashi 3,000 cikin miliyan, Turai kuwa 10. A 2017 aka sauke iyakar man da ake shigowa da shi zuwa 50.

Su kansu motocin, abin mamaki, a da babu wanda ya san adadin layukansu. Trotro ce ke ɗaukar mafi yawan mutanen Akra, ƙungiyoyin direbobi irin su GPRTU ke riƙe da tashoshi, amma har zuwa 2015 birnin ba shi da taswirar inda suke bi. Ilimin yana nan, a kan yaran mota yake, da bakinsu da alamun hannunsu. A shekarar ne sashen sufuri na hukumar birnin Akra, da Hukumar Raya Ƙasashe ta Faransa, da masu bincike na Jami'ar Concordia ta Kanada suka yi aikin da aka kira AccraMobile. Aka ba ma'aikata wayoyi, suka shiga trotro kamar kowane fasinja, waya tana zana hanya ta tauraron ɗan'adam, su kuma suna latsa duk inda aka tsaya, da kuɗin mota, da mutum nawa suka hau ko suka sauka. Suka sami layuka sama da 300 masu aiki, ƙasa sosai da abin da ke rubuce a rajistar hukuma. Wato takarda tana nuna layukan da ba mota a kansu, kamar yadda a zamanin Hart take nuna marasa aikin da kullum suna wurin aiki.

Lissafin ya kuma fito da abin da duk mai zuwa aiki daga Maamobi ya sani a jikinsa: ba tafiyar kaɗai ke cin lokaci ba, har da zaman jiran mota ta cika, domin direba ba ya tashi da kujera a buɗe. Yana da kuɗin da zai kai wa mai mota da yamma, da na mai, da na tasha, sai abin da ya ragu ne nasa. Wanda bai fahimci wannan lissafi ba zai yi ta sayo manyan bas yana mamakin me ya sa ba su kori trotro ba. Bas ɗin Aayalolo da aka ƙaddamar a ƙarshen 2016 tsakanin Amasaman da Tudu sun sha wannan darasi, don ba a ware musu hanyarsu ta kansu ba sai a 'yan wurare, suka shiga cunkoso ɗaya da kowa.

Abin da ya sa na sa wannan aiki a sahun na Boyo shi ne ba a kulle bayanan a kabad ba. A 2017 aka sake zagayen tare da matasan Gana masu aikin sa kai a OpenStreetMap, aka zuba layukan a taswirar da kowa zai iya buɗewa, ya kuma gyara in ya ga kuskure. Ɗalibi ɗan Nima da ke karatu a Legon yau, kuma suna da yawa, yana iya ɗaukar wannan taswira ya ɗora ta a kan ta hayaƙi, ya nuna wa majalisar Ayawaso ta Gabas mai kula da Nima ko Asusun Raya Zanguna da aka kafa da dokar 2017 daidai mahaɗar da motoci ke tsayawa suna turnuƙe masu koko. Matsalar taswirar trotro ita ce tana tsufa da wuri. A gina gada ɗaya, ko a tashi wata tasha, ko kuɗin mai ya hau, sai layuka su sauya, kuma sai an sake biyan mutane su shiga mota da waya. Zagayen 2015 da na 2017 duka da kuɗin Faransa aka yi su.